Numfashi a Gindin Kirya

SHAFI NA 19

Na Maijidda Shu'aibu, Damba

Salama gare ku, masu haƙuri da masu ƙorafi. Hajiya Hadiza ta aiko mini cewa tun da na fara labarin nan ta daina shan ruwa a kwalba. To Hajiya, ba ni na kashe zomon ba, rataya aka ba ni. Masu cewa na cika jan rai kuma, ga abin da kuke nema, amma kada wani ya zo ya ce mini ya kasa cin tuwo.

Sababbin zuwa, ku matso in taƙaita muku. Daminar 1974 ce, wadda ta biyo bayan babban fari. Ofishin gona na Gusau ya turo Sabiru, malamin gona ɗan Sabon Gari, zuwa hurumin kiwo da aka shinge a bayan Nahuce. Aikinsa ya auna iskar da ƙasa da ciyawa ke fitarwa da wadda suke sha, don a san wane irin kiwo ne ke raya makiyaya, wane ne ke kashe ta. Garwar kananzir yake kifawa a kan ciyawa, ya ajiye kwalbar ruwan magani garau a cikinta. In iskar ta shiga ruwan sai ya yi fari.

Ranar da ya iso, mutane suka ji an ce gwamnati ta aiko a kama iska a garwa, kun kuwa san abin da Bahaushe ke ji in an ce iska. Don ya kwantar musu da hankali sai ya tsaya a ƙofar mai gari, ya zura sillen kara a kwalba ya hura, ruwan ya koma fari fat a gaban kowa. Ya ce musu ba aljani ba ne, numfashi ne kawai, irin na kowane mai rai. Magana zarar bunu. Yanzu ga shi garwa ɗaya, ta gindin kirya, kullum ruwanta ya fi na sauran fari, kuma babu wanda bai sani ba a garin.

A zauren Baba Yari aka sauke shi. Surukar gidan, Rabi, ita ke dafa masa abinci, kuma abu ɗaya take jira a duniya, mijinta Jatau. Da bazara ya tafi Tsafe nemo irin gero, aka ce ya aiko da irin ya zarce Kurmi ci-rani. Duk ɗan ci-rani ya dawo da ruwan shuka, ban da shi.

Mu je zuwa.

* * *

Sabiru bai gama jingine babur ba ya ji motsi a bayan zana. Ya san ita ce. Tun ranar da ta roƙe shi ya riƙa tambayar mata in ya shiga Gusau, da ta ji ƙarar babur take barin duk abin da take yi, ko da tukunya ce a kan wuta.

Ta gaishe shi daga inda take, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida, har da lafiyar babur sai da ta tambaya. Abin da ke cinta ne kawai ta kasa tambaya, saboda kunya ba ta bari ta kama sunan mijinta.

Shi ya sauƙaƙa mata. Ya ce ya je tashar mota, ya je tashar jirgi, ya bi masaukin fataken goro a Sabon Gari ɗaki ɗaki. Ya kwatanta musu mutum dogo, ja, mai tabo a gira. Babu wanda ya gan shi. Wani direba ma ya rantse cewa bai taɓa jin wani abokin aikinsa ya kai saƙon buhu Nahuce ba a bazarar nan, amma Sabiru bai faɗa mata wannan ba.



"Ba komi, Malam," in ji ta. "Wanda ya aiko da iri ai shina da niyyar zuwa cin tuwonai."

Wallahi maganar nan ta sosa masa rai. Ya ɗauki jakar kwalabensa ya fita, ko furar da ta dama masa bai tsaya ya karɓa ba.

An yi ruwa da asuba, hurumin ya sha ya ƙoshi. Gamba ta kai masa ƙugu, ta jiƙa masa wando sharkaf kafin ya isa garwar farko. Ya bi su kamar kullum. Inda shanu suka cinye ciyawar har ƙasa, ruwan kwalbar da ƙyar ya sauya. Inda aka yanka da lauje, ya ɗan yi gajimare. Inda aka bari ta huta, ya fi su duka. Duk wannan ya gane shi, abin da aka koya masa ne.

Gindin kirya ne ya fi ƙarfin karatunsa. Ya nemi gara, babu suri ko ɗaya a kusa. Ya tambaya ko tsohon zangon shanu ne mai taki, makiyaya suka ce ba a taɓa kwana da dabba a can ba. Ya sake kwalba, ya sake garwa, har ruwan maganin ya sako sabo daga Gusau, duk a banza. Ciyawar wajen kuwa ta yi kore shar, har baƙi baƙi take yi, kuma a tsaye take dogo ɗaya, ba ta yaɗu ba. Yanzu ko masu yankan ciyawa kewayewa suke yi. Shi kansa, da bokonsa da komai, sai ya yi bismilla yake ɗaga garwar nan.

Yana ratsa gambar ƙarshe ya tsaya cak.

Baba Yari ne zaune a ƙasa, cikin laima, ba hula, ba takalmi. Tsohon da ya rantse ƙafarsa ba za ta taka cikin shingen nan ba tun ranar da aka kafa shi. Ya ɗora tafin hannunsa a bayan garwar, yadda uwa ke taɓa goshin mai zazzaɓi.

Sabiru ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon bai amsa gaisuwar ba, bai ma dube shi ba.

"Buɗe in gani."

Ya yi ƙoƙarin kauce wa abin. Ya ce bai kai lokacin buɗewa ba, ya ce ƙasa da sanyi, Baba ya tashi kada ya kwashi ciwon ƙafa. Tsohon ya maimaita maganarsa, bai ƙara ko harafi ba. Dole Sabiru ya girgiza garwar ya zare bakinta daga ƙasa.

Ruwan ya yi fari kamar nono. Har wani gari gari ya kwanta a gindin kwalbar.

Baba Yari ya karɓe ta da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tambaya ko gaskiya ne abin da ya gani da idonsa a ƙofar mai gari, cewa numfashin mutum ne ke faranta ruwan. Sabiru ya ce gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba, akwai saiwa, akwai ƙwari, akwai...

"Saiwa na nan ko'ina cikin hurumin ga. Ƙwari na nan ko'ina. Mi yas sa sai nan?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni na sani."

Tsoro ya kama Sabiru, tsoro na gaske, irin mai saukowa daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya so ya ce kada a faɗa masa. Shi baƙo ne, auna iska aka turo shi, ba a turo shi ɗaukar asirin gidan mutane ba. Amma tsohon ya riga ya fara, kuma ba da shi yake magana ba, da kwalbar yake yi.

Ya ce a bazarar nan rumbunsu wayam yake, irin da suka ɓoye ma sun cinye shi tun da sanyi. Shi ya tura yaron Tsafe wurin kawunsa. Yaron, haka yake cewa, don ɗan fari ne, bakinsa bai taɓa kama sunansa ba tun ranar suna. Ya ce wata rana da rana tsaka ya fito neman ganyen da zai kai wa akuya, sai ya hangi mutum kwance a gindin kiryar nan, ya yi matashi da buhu. Mota ta sauke shi a Bungudu, ya tako da ƙafa, amai da gudawa suka kayar da shi a nan, ana hango rufin gari.

Ku tuna lokacin ne ake ta raɗe-raɗin cewa duk gidan da ciwon ya shiga, duba-gari za su zo su ƙone kayan majinyacin kaf, har abin da ya taɓa. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Baba Yari bai tsaya bincike ba. Ya dubi ɗansa, ya dubi buhun. Buhun nan shi ne shukar gidan gaba ɗaya, in aka ƙone shi, to an ƙone shekara.

Ya ce sai ya yi dabara irin ta wanda yunwa ta taɓa wa hankali. Zai yi jinyarsa a nan, a ɓoye, in ya ji sauƙi su shiga gari tare kamar ba a yi komai ba. Ya ɗebo ruwa, ya jiƙo saiwa, ya yi duk addu'ar da ya sani. Kafin la'asar idanun yaron sun faɗa, fatar hannunsa ta yamutse kamar ta tsoho. Kafin rana ta yi ja ya yi sanyi.

Shi kaɗai ya yi masa wanka da ɗan ruwan da ya rage a gora. Rawaninsa ya warware ya yi likkafani. Shi kaɗai ya tsaya ya yi masa salla, ya haƙa ramin da gatarin saran ganye da hannunsa. Ya sassaro itace ya jera.

A nan ya dakata. Sabiru ya ce ya isa haka, Allah ya jiƙansa, annoba ce, shahada ce. Tsohon ya girgiza kai, wai ba a zo wurin ba tukuna.

"Ina jera itacen ƙarshe nig ga yatsanai ya motsa."

Sabiru bai san sa'ad da ya zauna daɓas a cikin laimar ba.

"Ta tsakanin itace nig gani. Ya lanƙwashe, ya miƙe. Sai nij ji muryar masu jakai sun taso daga hanyar Bungudu. In sunka iso sun ga buhu, sun ga rami." Ya dubi kwalbar. "Sai nit tura ƙasa."

Jama'a, ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya na sha iska a nan.

Ya ce ya shiga gari da buhun a ka, ya ce wa gida direba ne ya ba shi a bakin hanya, yaron ya zarce Kurmi. Tun ranar bai ƙara cin abinci ya ji ɗanɗanonsa ba. Kullum yana gaya wa kansa idonsa ne ya yi masa gizo. Ya kusa yarda ma. Sai ga gwamnati ta aiko yaro da garwa, ya kifa ta daidai kan wurin, ya tsaya a gaban jama'a ya ce abin da ke faranta ruwan nan numfashi ne.

Ya juyo ya dubi Sabiru a karon farko. Idanun nan sun yi ja, babu hawaye ko ɗigo.

"Malam, don girman Allah. Jatau na ka numfashi?"

Sunan ya fito masa daga baki da ƙyar, kamar ana zare ƙaya. Jin sa ya fi komai karya zuciyar Sabiru, don ya san abin da ya kai dattijo irin wannan ga kiran sunan ɗan farinsa ba ƙarami ba ne.

Yanzu kam ya gane abin da ya hana shi barci makonni. Ya tattaro ƙarfin hali ya yi masa bayani a hankali, yana zaɓen kalmomi. Ya ce babu mai rai a ƙarƙashin nan. Ya ce duk abin da aka binne, ganye ne, dabba ce, ɗan Adam ne, in ƙasa ta fara karɓar kayanta sai irin wannan iskar ta riƙa fita, ita ce ciyawa ke sha ta yi kore. Ya ce laifinsa ne da ya kira ta numfashi, ya rasa wata kalmar ce a Hausa, ya ɗauki wadda ta fi kusa.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Sabiru ya zaci zai ga sauƙi a fuskarsa, amma bai gani ba.

"To na ji, yanzu ba shi numfashi. Ranar fa? Kwalbar taka tana iya hwaɗa min ko da rai nir rufe shi?"

"Ba ta iyawa, Baba."

"Wa ka iyawa?"

Sabiru ya sunkuyar da kai. Ya taɓa jin ana cewa gawar mai wannan ciwon takan motsa bayan rai ya fita, amma a bakin wa ya ji, likita ne ko mai shayi, ya kasa tunawa. Ya buɗe baki zai faɗa duk da haka, ko don tsohon ya sami abin riƙewa, sai ya ji ƙarar faɗuwar ƙwarya a bayansa.

Fura ta malale a kan ciyawa.

Rabi ce tsaye a bakin gambar, da hauya a kafaɗa. Gona za ta, ta ce bari ta ratso ta miƙa wa baƙo furar da ya bari, kada ya wuni da yunwa. Tun yaushe take tsaye, babu wanda ya sani a cikinsu. Fuskarta ce ta gaya musu ta ji abin da ya isa.

Ba ta yi kururuwa ba. Da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta tako a hankali har gaban surukinta, ita da ko a tsakar gida ba ta haɗa hanya da shi sai ta durƙusa ta kawar da kai. Yau a tsaye take, tana kallonsa cikin ido.

Ta tambaye shi ko irin da ta shuka da hannunta, wanda take zuwa kullum tana yi wa noma tana cewa mai shi na nan tafe, shi ne wanda aka yi matashi da shi a nan. Baba Yari ya ɗaga kai alamar e. Ta tambaya ko duk ranar da take zuba tuwo a akushin mijinta ta rufe ta ajiye, ko zai iso cikin dare, Baba yana gani. Ya sake ɗaga kai. Ya fara cewa ta yafe masa, ta wuce shi kamar ba da ita yake ba.

Kwalbar ta ɗauka daga inda ya ajiye ta. Ta ɗaga ta sama, ta karkata ta, farin garin ya motsa a gindi.

"Malam, ranar da kah hura cikin kwalba ƙohwar mai gari, ina leƙe ta zana. Kai da bakinka kac ce numfashin mai rai na."

"Rabi, ki saurare ni, ba haka..."

"Kwalbar ga, ta jiya ta ko ta yau?"

"Ta yau ce, amma..."

"Ta yau."

Sai ga murmushi a fuskarta. Wannan murmushin shi ya fi ba Sabiru tsoro a duk abin da ya gani tun zuwansa Nahuce. Ashe ba ta ji bayanin da ya yi wa tsohon ba, ko ta ji zuciyarta ta ƙi karɓa. Abin da ta ɗauka guda biyu ne, an rufe shi yana motsi, kuma har yau da safe ruwa yana fari.

Kalma ɗaya ce za ta tsayar da ita, Sabiru ya san ta sarai. Abin da ya rage kawai ya ce mata mijinta ruɓewa yake yi. Ya dubi matar nan da ta yi wata da watanni tana sauraren ƙarar babur, ya juya kalmar a bakinsa, ta ƙi fita. Ya ce mata Rabi ki zauna, Rabi ki yi salati, Rabi bari a kira liman. Duk ba ta ji ba.

Ta ture garwar gefe da ƙafa. Ta durƙusa, ta share ciyawar da hannu, ta kwantar da kunnenta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar. Baba Yari ya fara wani irin kuka marar sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Ta ɗaga masa hannu ba tare da ta ɗago ba, wai ya yi shiru.

Suka yi shiru su duka. Iska ta kaɗa gambar ta wuce. Sabiru, da ya san babu abin da za a ji, sai ya sami kansa ya riƙe numfashinsa yana saurare.

Ta miƙe. Gefen fuskarta duk laka. Ta kwance gyalenta ta ɗaure ƙugu da shi tamau, ta ɗauki hauyar da ta ajiye gefe, ta gyara tsayuwa a kan ciyawar nan mai baƙin kore. Sabiru ya yunƙura zai riƙe ƙotar, ta yi masa wani kallo da ya mayar da hannunsa.

Ta ɗaga hauyar sama, sai kuma ta tsaya. Ta juya wajen tsohon, ta yi magana a hankali, da ladabi, kamar mai tambayar inda za ta ajiye ruwan alwala.

"Baba, ta wane gefe kainai yake? Kar in sare shi."